Agogo mai kalandar dindindin: amsoshin tambayoyin da kuke ta yi mani

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin ga su ne ake ta maimaita mani, wasu a waya, wasu wurin ɗaurin aure, wasu a majalisa bayan la'asar, shi ne na ce bari in tara su wuri guda kowa ya karanta in huta. Wanda bai ga tashi ba ya yi haƙuri.

Wai mi ne ne bambancin shi da agogon da munka saba da shi mai nuna kwanan wata?

Seiko 5 ko Rado ɗin da iyayenmu ke dawowa da shi daga Makka, shi a wurin shi kowane wata kwana 31 ne. In Afrilu ta ƙare a 30, gobe da safe za ka ga ya rubuta maka 31, sai ka ja ɗan kan nan na gefe ka tura shi 1 da hannunka, kuma sau biyar za ka yi haka duk shekara, ƙarshen Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Wanga kuwa, da Turawa ke ce ma perpetual calendar, ya san wata mai 30, ya san mai 31, ya san Fabrairu 28 ce, kuma ya san duk shekara huɗu tana yin 29. Yawanci shina nuna rana, kwanan wata, sunan wata, inda aka kwana a zagayen shekara huɗun, da hoton farin wata. Duk wannan babu batir, sifirin ne kawai da ake wanawa ko motsin hannunka ya wana shi.

Babu batir babu kwamfuta, ta ya ƙarfe zai san Fabrairu?

Nan ne daɗin abin yake. A cikin injin akwai wani ɗan faifai da anka raba bakin shi gida 48, kowane gida wata ɗaya, kuma zagaye ɗaya tak yake yi a shekara huɗu, wato kwana 1,461. Gidajen watanni masu 31 an bar su a cike, na masu 30 an ɗan rarake su, na Fabrairu ramin ya fi kowane zurfi, sai Fabrairu guda ɗaya cikin huɗun da ba ta kai sauran ukun zurfi ba, ita ce mai 29. To akwai wani dogon hannu na ƙarfe da ke sauka bakin faifan duk dare, zurfin ramin da ya tarar shi ke yanke tsallen da kwanan wata zai yi in wata ya ƙare. Daren 28 ga Fabrairu sai ya haye 29, 30, 31 duka ya dira a kan 1 ga Maris. Wasu kamfanoni faifai mai gida 12 suke sawa da wani ƙaramin faifai a jikin shi da ke kula da Fabrairu kaɗai, amma dabarar ɗaya ce.

Abin da nake so ka riƙe daga nan: agogon ba ya tunani, ƙirge yake yi. In ya tsaya ƙirgen ya tsaya, kuma duk wahalar da za ka ji a ƙasa daga nan ta taso.

Dindindin ɗin da gaske ne, har abada ba a taɓa shi?

A'a. Sai ranar 1 ga Maris 2100. Shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙu, ba ta cika awa 6 ba, saboda haka ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu ya ɗan yi yawa. Shi ya sa a gyaran kalanda na Fafaroma Gregory na 13 a 1582 anka ce shekarun cikar ƙarni ba za su samu ƙarin ba sai wadda 400 ta raba daidai. 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba, amma faifan nan mai gida 48 bai san da wagga magana ba, zai nuna 29 ga Fabrairu ranar da duniya ke 1 ga Maris. Gyaran kwana ɗaya ne, kuma aikin jikoki ne ba namu ba. Kamfanin agogo na IWC sun fito da wani a 2024 da sunka ce ya san har wannan, zai tafi daidai har 3999.

Yallaɓai nawa Rolex ne kuma an rubuta Perpetual a fuskar shi, ke nan irin shi ne?

Ba shi ba ne Alhaji. A wurin Rolex wannan rubutun na nufin agogon na wana kan shi da motsin hannu, dabarar da sunka fito da ita tun 1931, bai shafi kalanda ba. Day-Date ɗinka mai rubuta rana a sama shi ma sau biyar za ka gyara shi a shekara. Mafi kusa da sunka yi shi ne Sky-Dweller na 2012, mai kalandar shekara, ya san 30 da 31 amma bai san Fabrairu ba, duk 1 ga Maris sai an taɓa shi. Patek Philippe ne sunka fara irin wannan na shekara a 1996, kuma gaskiya ga mutane da yawa shi ya fi dacewa, ya fi sauƙin kuɗi ya fi jure wahala.

Sabon abu ne?

Ina! Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mudge, ya yi na aljihu mai wannan kalanda wajen 1762, ka ga kafin jihadin Shehu na 1804 da shekara arba'in da wani abu. Na ɗaurawa a hannu na farko Patek Philippe ne a 1925, a 1941 sunka fara yin shi da ɗan yawa. Audemars Piguet sun sa mai nuna zagayen shekara huɗu a fuska a 1955. A 1985 wani injiniyan IWC mai suna Kurt Klaus ya haɗa komai ya koma ana saita shi da ɗan kan nan na gefe kaɗai, har shekara shina rubutawa da lamba huɗu.

Nawa ne?

Da dala ake maganar, kai ka juya zuwa naira da farashin ranar, ni ba ni so in tayar maka da hawan jini. Mafi sauƙi na kirki shi ne na Frederique Constant, da ya fito a 2016 bai kai dala 10,000 ba. Na IWC da Jaeger-LeCoultre dubban daloli gomomi ne. Sabon Patek ko Royal Oak na Audemars Piguet kuwa ka kama lissafin wajen dala 100,000 zuwa sama. Na tarihi ba a magana, wani Patek mai lambar samfuri 1518 na farin ƙarfe an sayar da shi a gwanjo a Janiba a 2016 kan kuɗin Suwizalan miliyan 11, don guda huɗu kawai anka sani irin shi.

Amma sayen shi kamar sayen doki ne, kuɗin da ka ba dillali ba shi ne wuyar ba, harawa da dusa da mai kula da shi su ne ke nuna ko kai mai doki ne.

Malam yawancin su na zinari ne, ya halatta namiji ya ɗaura?

Wagga tambaya ita ya kamata a fara yi kafin ta farashi, kuma abin mamaki sai an saya ake zuwa da ita. Hadisi ya zo sarai cewa zinari da alharini an haramta su ga mazan al'umma an halatta wa mata. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne farin zinari, sai ka ga mutum ya saya shina cewa ai fari ne ba ja ba, alhali zinari ne kashi 75 cikin ɗari anka gauraya da wani ƙarfe ya yi fari. Ka juya bayan shi, in ka ga an buga 750 to zinari ne ko wane launi ya yi. In 950 ne da alamar Pt to filatinam ne, wani ƙarfe ne daban. A lambar agogon Patek ma harafin ƙarshe na gaya maka: J ɗorawa, R mai ja-ja, G farin zinari, P filatinam, A farin ƙarfe.

Na farin ƙarfe da na taitaniyam suna nan, Royal Oak akwai, Jaeger-LeCoultre akwai, IWC akwai. Sai dai ko a cikinsu wani lokaci hannayen agogon ko 'yan sandunan awa ko faifan da ke wana injin na zinari ne, wannan kam ka ɗauki bayanin agogon ka kai wa malaminka ya duba maka, kada ka tsaya ga fatawar mai shago, shi ciniki ya fito yi. Hajiya kuwa ba ta da wannan matsala, kuma akwai masu ƙaramar fuska da za su zauna mata daidai.

To alwala fa? Sau biyar a rana zan riƙa kwancewa?

Eh, aradu kwance shi. Da yawansu an rubuta mita 30, mutane na ɗauka za su iya nutso da shi a Gulbin Rima, alhali ma'anar ita ce fantsalin ruwa kawai zai jure. Ga shi kuma jikin shi cike da 'yan ƙofofi, kowane maɓallin saiti da ke gefe hanya ce da ruwa zai iya bi in robar ta tsufa. Ban da haka ma ai ruwa sai ya taɓa fata an cuɗa har gwiwar hannu, ba za ka bar wuri a bushe ƙarƙashin agogo ba, kuma ka tuna hannun hagun da yake kai shi ne na tsarki.

Inda za ka aje shi ne abin lura. Kada ka ɗora shi bisa dakalin alwala, ranar Juma'a a Masallacin Shehu ko na Bello da cunkoson nan in ka tashi ka manta to sai dai addu'a. Ka ware mishi aljihu ɗaya na kaftani wanda babu makulli babu waya babu canji, ko ka sa a ɗinka maka 'yar jaka ta fata mai laushi. Ka kwance shi kana zaune, ba a tsaye bisa siminti ba.

Tunda shina nuna farin wata, zai gaya mani ranar azumi da sallah?

Kai ƙanena, a Sakkwato kake wagga tambaya? Ba zai gaya maka ba. Faifan watan a mafi yawan agogai haƙora 59 gare shi da hoton wata biyu, wato ya ɗauki kowane wata kwana 29 da rabi, alhali na gaskiya kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, saboda haka duk bayan shekara biyu da wata bakwai da ɗoriya zai kauce da kwana ɗaya. Masu tsada sun ƙara haƙoran, sai shekara 122 kafin su kauce. To ko wanda bai kauce ba, lissafin falaki yake nuna maka, lokacin da wata ya ɓuya, shi kuwa jinjirin wata ganin ido ne, ya danganta da yanayin sama da inda mai duba ya tsaya. Amfanin shi dai in ka ga faifan ya yi duhu ka san an shiga kwanakin duba wata, sai ka kasa kunne ga sanarwar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Kalandar da ke ciki ma gaba ɗaya ta Miladiyya ce. Akwai na Hijira, Parmigiani Fleurier sun nuna shi ƙarshen 2019, na filatinam, da sunayen watanni da Larabci, har ya ci kyauta a Janiba a 2020. Shi kuma shina bin lissafin nan na zagayen shekara 30, inda 19 ke da kwana 354, 11 ke da 355. Agogo ne mai ban sha'awa ƙwarai, amma ranar da lissafin shi ya ce 1 ga Shawwal fada ta ce a cika talatin, ka san wanda za ka bi.

Na aje shi ya tsaya, ya zan yi in tashe shi?

A hankali, nan ne ake karya su. Da farko ka wana shi ya tashi. Sannan ka juya hannaye gaba har ka ga kwanan wata ya canza don ka gane ina ne dare ina ne rana, ka kai shi wajen ƙarfe 6 ko 7 na safe ka tsaya. Ka'idar da kowa ya yarda da ita ita ce ba a taɓa maɓallan kalanda daga kamar 8 na dare zuwa 3 na asuba a agogon, don lokacin haƙoran sun riga sun kama juna suna shirin canza rana, in ka danna da ƙarfi wani abu zai lanƙwashe ko ya karye. Kowane kamfani da nashi awannin, ka karanta ɗan littafin da ya zo da shi, kuma jerin da za ka bi ma shina ciki, galibi kwanan wata ne farko. Ka yi amfani da ɗan tsinken da sunka sa a kwali, ban da allura ban da bakin biro.

Masu irin na Kurt Klaus ku kuma ku ji: gaba kawai yake tafiya, ba ya dawowa baya. In yaro ya samu agogon ya yi ta murzawa ya kai ka shekara mai zuwa, ko dai ka aje shi ya tsaya har kwanakin su cim mishi, ko a kai shi a buɗe. Ulysse Nardin tun 1996 da H. Moser suna yin wanda ke zuwa gaba da baya ba fargaba, in kai mai gaggawa ne su ya kamata ka duba.

In sayi akwatin nan mai juya agogo?

In ba kullum kake ɗaurawa ba, saya. Siraran Patek kwana biyu ne iyakar su in an aje, wasu IWC na kai kwana 7. Sai dai ka nemi mai aiki da batir ko ka haɗa shi layin sola, don in ka dogara da wutar NEPA akwatin da agogon tare za su kwana. Ni dai ra'ayina mafi kyawun akwati hannunka ne.

Zafin garin nan da ƙurar hunturu ba su yi mishi illa?

Zafin da jikinka zai iya ɗauka shi ma zai ɗauka. Abin da ba ya so shi ne a bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da gari ya haura digiri 40, man da ke cikin injin na tsinkewa ya bar inda anka ɗiga shi, robobi su bushe. Ƙura kuwa ba ta shiga sai ka buɗe mata, kada ka ja ɗan kan nan na gefe a waje lokacin hazo, ka bari sai ka shiga ɗaki. Ka goge shi da ƙyalle mai laushi da dare.

Wanda ya fi shan wuya maɗauri ne. Fatar kada da suke zuwa da ita an yi ta ne don sanyin Turai, gumin bazara ɗaya ya isa ta fara wari ta tsattsage. Ga turare, mu kuma ba mu san kaɗan ba, a fesa a wuyan hannu a ɗora agogo a kai, yana cin fata yana cin roba. Ka fesa ya bushe tukun. Ni shawarata ka cire na kamfanin ka adana, ka sa maduka su yanka maka na fatar jar akuyarmu, wadda Turawa sunka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, ka kai masu awon daidai da ƙarfen maƙalawa na asali. In ya lalace ka sake wani, ba ka yi asarar komai ba.

Sai maganaɗisu, shi ba a ganin shi. Lasifika, murfin waya mai mannewa, kwamfutar cinya, in ka ga agogo ya fara gudu da mintoci a rana galibi shi ne, kuma cire shi aikin minti kaɗan ne. Hawan sallah da folo da doguwar tafiya bisa kabu-kabu a hanya mai gargada, bar shi gida.

In ya lalace akwai mai gyara a Babbar Kasuwa?

Ina girmama masu gyaran agogonmu, wallahi akwai dattawan da za su wargaza Seiko su mayar ido rufe. Amma wanga ba nasu ba ne, kuma na kirkin cikinsu da kan shi zai ce maka kai shi gaba. Injin Patek 240 Q ƙarafa 275 ne cikin kaurin da bai kai milimita 4 ba, kuma kamfanonin ba su sayar da kayan gyara ga wanda ba nasu ba, in abu ya karye babu inda zai samo. Wanda ya ce maka "kawo in duba" ya ɗauko wuƙa zai ɓamɓare bayan, karɓi abinka ka yi mishi godiya. Sabis duk shekara 3 zuwa 5 kamfanoni da yawa ke cewa, wasu na ja fiye da haka in agogon na tafiya lafiya. Hanyar ita ce dilan da kamfani ya amince da shi, a Dubai ko Landan ko Janiba, sau da yawa su ma Suwizalan za su tura, ka yi watanni hannunka wayam, kuɗin kuma da dubban daloli ake faɗin shi. Ka riƙe rasit in za ka fita da shi ko dawowa saboda kwastan.

Wani ya kawo mani na hannu da araha, ya zan gane jabu?

Arahar ita ce shaida ta farko. Bayan ita, jabun yawanci fuska ce kawai, ƙananan hannayen ko dai manne suke ko kuma kowane sai an danna shi da hannu, wata ba ya canzawa da kan shi. Ka duba farin watan, in shina zagayawa sau ɗaya kullum rana ta fito wata ya fito to wannan dare da rana yake nunawa, na gaske kusan kwana 30 yake ɗauka. Ka duba kauri, jabu kan yi tudu. Kwali da takardu ma ana buga na ƙarya, saboda haka lambar da ke jikin injin da ta takarda sai sun dace, kuma a biya bayan dilan kamfani ya buɗe ya tabbatar, ba kafin ba. "Wani babban mutum ne ya shiga matsala yake so ya sayar a ɓoye" tsohon zance ne, kuma ko da gaske ne kana iya sayen na sata.

G-Shock ɗina ma ya san Fabrairu har 2099, kuma ya fi shi daidai. To mi ye amfanin?

Gaskiyarka. Mai batir daƙiƙa 15 zai kauce a wata, wanga ko mai takardar shaidar daidaiton lokaci ne an yarda mishi ya rage 4 ko ya ƙara 6 a rana. Alfajr ɗin da alhazai ke rabawa tsaraba ma har lokacin sallah shina faɗa maka. In lokaci kake nema ka riƙe abinka. Mai sayen wanga aikin hannun yake saye, da jin daɗin zama daren 28 ga Fabrairu shina kallon ƙarfe ya haye kwana uku ba wanda ya taɓa shi. In kuwa don a gani ne, mafi yawansu sirara ne suna shigewa ƙarƙashin hannun kaftani, kuma a wurin biki mutum ɗari da wuya biyu su gane mi ka ɗaura, Rolex mai walƙiya ya fi yi maka wannan aiki.

Za ni Umra, ya zan yi da bambancin lokaci?

Saudiyya na gaban mu da awa 2, Dubai da awa 3. Zuwa ba matsala, gaba za ka tura. Dawowa ce ke son kula, don baya za ka ja, to ka yi shi da rana tsaka a agogon, kada ka taɓa ja da baya ka ƙetare sha biyun dare. Cikin ɗawafi da turmutsutsun Safa da Marwa kuwa ni da ka bar shi a akwatin ajiya ka ɗaura na roba.

Baba ya rasu ya bar irin shi cikin kaya, ya za mu yi wurin rabon gado?

Allah ya jiƙan shi ya sa ya huta. Kada kowa ya danna komai, kada a kai shi kasuwa a ji farashi, kada kuma a ba wani ɗa a matsayin "agogon Baba" a wuce wurin, don shi kaɗai yana iya fin gida daraja kuma haƙƙin dukan magada ne har mata da ƙanana. Ku nemo kwalin da takardun da rasit ɗin sabis, suna ƙara mishi kuɗi sosai. Kada a goge jikin shi don ya yi ƙyalli, masu saye sun fi son shi da 'yan tabon shi. A samu ƙima daga wuri biyu da sunka san abin, in Patek ne tsoho kamfanin na ba da takarda daga kundin su mai nuna shekarar da anka ƙera shi da ranar da anka fara sayar da shi. Sannan a kai wa mai rabon gado adadin, wanda ke so ya riƙe a cire daga kason shi ko ya cika wa sauran, in babu mai iyawa a sayar a raba kuɗin.